Lafi Bala

Har yau ban manta da wata safiyar Litinin ba, a shekarun hamsin, lokacin ina sabon tafinta a wani ƙaramin asibiti kusa da Zangon Kumasi. Aikina in tsaya tsakanin likita, wanda Bature ne, da mara lafiya: abin da wannan ya faɗa in juya wa wancan, ba ragi ba ƙari.

Aka kawo wani Bamoshe, ɗan ƙabilar Moshi, mai suna Tinga, lebura a gonar koko. Ƙa'ida ita ce idan likita ya rubuta mutum zai iya aiki, ranar zai koma gona. Likita ya ce in tambaye shi yaya jikinsa. Tinga ya ce, "Lafi bala." Na gane kalmar, domin 'yar'uwar kalmarmu ta "lafiya" ce. Na ce wa likita, "Ya ce lafiyarsa ƙalau." Likita ya ɗauki alƙalami.

Baba Imoru, dattijon da ke wanke miki a gefe, ya ce, "Ɗana, sake tambayarsa. Ka ce ina ne ke ciwo."

Na sake. Tinga ya ɗora hannu a haƙarƙari, da ƙyar yake jan numfashi. Likita ya sa abin sauraron ƙirji, ya ajiye alƙalamin, ya ce a ba shi gado. Sati biyu ya kwanta kafin ya miƙe.

Da azahar na sami Baba Imoru yana alwala. Na ce, "Baba, ai lafiya ya ce."

Ya ce, "Kai da zazzaɓi ya kayar da kai bara, na zo gaishe ka, me ka ce?"

Na ce, "Lafiya lau na ce."

Ya ce, "Dagwamba na cewa alafe, Yarbawa alafiya, Moshi lafi. Duk daga Larabci ta fito, al'afiya, ta biyo malamai da fataken goro. Kuma a littafi, abu ne da ake roƙon Allah ya bayar. Mutumin nan ba labari ya ba ka ba, fata yake yi."

Daga nan na sayi ɗan littafi ina rubuta kalmar duk bakin da na ji ta. Na kuma daina tambayar mara lafiya yaya jiki a gaban likita. Ina gaishe shi tun a ƙofa, ya amsa da lafiyarsa, sannan mu shiga ciki mu fara maganar ciwo.