Ranar da Kaka ta yi wa inabi aski

A gidanmu na unguwar Ƙurban a Madina, idan sanyi ya shigo, da an idar da Magariba Kaka takan sa a hura gawayi a kasko, ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta a tsakar gida. A kanmu akwai bishiyar inabi a kan 'yar rumfa, wadda marigayi mijinta ya dasa tun yana aiki a gonakin dabino na Ƙuba. Tun da ya rasu Babana ya kafa doka: ko ganye ba mai tsinka. Itacen Madina ne, in ji shi, sare shi haramun ne. Haka bishiyar ta cukurkuɗe kamar kan da ya manta da mataji, 'ya'yanta suka koma ƙanana masu tsami, wani gefen har ya fara bushewa.

Wata rana Baba ya tafi masallacin Ƙuba, Kaka ta gyara zama ta ce, "Ku rufe bakinku, ta iso." Haka take buɗe tatsuniya.

Wai wani mutum ne ya gaji inabi a ƙofar ɗakinsa. Duk sanyi, in ta zubar da ganye, sai ta ce masa, "Aske ni." Shi kuma ya ce, "Haba, ina ni ina ji miki ciwo?" Rassa suka yi ta haihuwar rassa, suka rufe taga, suka rufe ƙofa. Yunwa ta kama shi a ciki, ya laluba ko'ina, ganye ne zalla, ko ƙwaya babu.

Ƙanena ya tambaya da Larabci wa ya cece shi.

"Ba wanda ya cece shi," in ji Kaka. "Mutuwa ya yi. Khalas."

Muka yi tsuru-tsuru. Tatsuniyar Kaka ba ta taɓa ƙarewa da gawa ba. Ba mu gama farfaɗowa ba ta zaro wani ƙaton almakashi daga ƙarƙashin tabarma, ta taka kujera, ta hau bishiyar da yanka. Wallahi na zata wuta za ta faɗo mana daga sama. Ita kuwa hankalinta kwance, tana yi tana bayani: busasshe a cire shi daga tushe, reshen bara a bar masa idon toho biyu, a yanke a karkace. "Yanzu barci take. In kun bari zafi ya tashe ta, kuka za ta yi ta yi, ruwanta na zuba, har ta rame."

Baba ya dawo ya tarar da rumfa tsirara. Ya tsaya riƙe da carbi.

"Inna, me kika yi? A Madina?"

"Abin da ya fito da kansa aka hana sarewa, ya waladi, ɗana. Wannan ubanka ya dasa. Kuma duk sanyi da hannunsa yake aske ta, kana can makaranta. Ka zata zaƙin da ka sani daga sama yake faɗowa?"

Ya durƙusa yana tattara rassan ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar na fara ganin hawayen Babana. Da zafi ya zo, nonnan inabi suka yi nauyi har sai da aka tokare rumfar.

Na daɗe ina ɗauka tsoron zunubi ne ya ɗaure masa hannu. Sai da shi ma ya rasu, na kasa ko matsar da takalmansa daga bakin ƙofa, sannan na gane. Ba zai iya sa ƙarfe a abin da ubansa ya bari ba. Kaka ta san haka, shi ya sa ta jira ya fita, ta yi da kanta.