Motar haraji a gungu

Jama'a, yau saura ƙiris a yashe mini asusu! Hankalina bai gama dawowa ba, wataƙila in rikita wani wurin.

Da hantsi ina rumfar kifin Inna a kasuwar Yelwa, sai ga kira. Wani mutum ya ce daga ofishin haraji yake. Wai Kawu Sale bai biya harajin jirgin ruwansa ba, kuma lambata ce a takardarsa. Har launin jirgin ya faɗa! Ga shi da injin jirgin nan Kawu ke riƙe gida.

Na roƙe shi ya bari gobe in zo ofis. Ya ce, "Babu gobe. Yanzu haka motarmu na ƙofar gidansa, za mu ɗora injin. Karanto lambar katinka mu cire tara."

Wallahi na fara karantowa, ni da digirina! Sai Inna ta fizge wayar.

"Malam, mota ƙofar gidan Sale? Sale da ke zaune gungu, tsibiri a tsakiyar ruwa? Iyo ta yi?"

Ɗif! Ya kashe.

Na ruga banki aka rufe katin. Ina jin lamba takwas na ba shi, ko goma. A ofishin haraji kuma suka ce ba su taɓa neman lambar kati ta waya ba.

Hajiya Rabi, Malam Musa, kuna rumfar lokacin. Inda na yi kuskure ku gyara. Amma don Allah dariyar ta isa haka.