Ranar da Banki Ya Rufe

Ƙarar ƙofar ƙarfen nan ce nake fara tunowa, yadda ta yi kuwwa da na buga ta da tafin hannuna. Ƙarfe tara da rabi na safe a Kuala Lumpur, ga ƙamshin gurasar roti yana tasowa daga shagon mamak na gefe, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, mutane suna shan shayinsu hankali kwance, amma bankin a rufe ruf.

Da asuba Yayana ya kira ni daga Kano. Inna, kakata wadda ta raine ni, ta kwana uku ba ta ci komai ba.

"Auta, sunanki take ta kira," ya ce. "In da hali ki taso yau."

Hali kuwa akwai. Kuɗin karatuna na digiri na biyu sun shigo, kuma akwai jirgin da zai tashi da yamma. Sai dai bankin ya kulle asusuna tun da aka sabunta mini biza, wai sai na kai fasfo da kaina sun gani. Sati biyu ina cewa gobe, ina zaune a tagar ɗakina a unguwar Bukit Jalil ina kallon ruwan sama yana wanke bishiyoyi.

Wani dattijo mai shara ya ga na tsaya kamar an dasa ni. Ya nuna mini takardar da aka manna a bango.

"Cuti," ya ce, wato hutu. "Tomorrow lah."

Hutun me? Ba Sallah ba, ba Kirsimeti ba, ba sabuwar shekarar Sinawa ba. Ɗaya ga Fabrairu ce kawai, ranar aiki. Na sake buga ƙofar, har wani mai shan shayi ya ajiye kofinsa yana kallona.

A gida, in gwamnati ta ba da hutu, daga Sakkwato har Legas kowa ya rufe. Da wannan sanin na yi aiki. Ban tambayi kowa ba, ban duba komai ba. Na ce a raina ƙasar duka ta kulle, sai gobe. Ƙawayena biyu da na kira, nasu kuɗin ba su iso ba tukuna.

Na koma ɗaki na haɗa jaka. Na sa man zafin da Inna take so, wanda na saya mata a kasuwar Chow Kit, da wani mayafi ruwan toka. Da la'asar Yaya ya kara mata waya a kunne.

"'Yar boko," ta ce, muryar can ƙasa, "har yanzu littafin bai sake ki ba?"

"Gobe, Inna. Wallahi gobe."

"To, Allah Ya kai mu."

Washegari aikin bai ɗauki minti ashirin ba. Ma'aikaciyar ta duba fasfo, ta yi murmushi, ta ce boleh, wato ya yi. Na hau jirgi da yamma. Muna jiran canjin jirgi a hanya saƙon Yaya ya shigo. Da na isa Kano har an ɗauke tabarmin masu gaisuwa na ranar farko.

Sai bayan shekara biyu, muna cin abinci da wata 'yar ajinmu Bamaleshiya, ta yi ƙorafin cewa mijinta ba ya samun hutun ɗaya ga Fabrairu, don a Puchong yake aiki. Hutun na Kuala Lumpur ne, in ji ta, bai shafi jihar Selangor ba, inda Puchong take. Na ajiye cokali. Puchong tana kan layin jirgin ƙasan da ke wucewa ta unguwarmu, tashoshi kaɗan gaba. A ranar nan reshen bankina na can a buɗe yake har la'asar.