Ranar da Na Wanke wa Matar Yayana Tanda

A shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha ina koyarwa a wata sakandare, ina zaune a gidan yayana a Mayo Gwoi, a ɗakin bakin ƙofa. Ban da katifa da littattafai, abin da na mallaka shi ne akwatin gilashi na kiwon kifi. Wani Bakatsine mai yankan gilashin taga ne ya haɗa min shi. Na shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, na dasa tsirran ruwa da na tsinko a bakin rafi, na zuba 'yan karfasa shida da kurungu ɗaya da masuntan Lau suka ba ni. Kurungun nan a rigingine yake iyo, kuma ina son sa fiye da wasu 'yan uwana.

Wahalar duka tana wajen matatar ruwa. Kifi yana ci yana kashi, in ba a tace ruwan ba shi zai kashe shi. Na huda robar man gyaɗa, na jona mata ɗan famfon iska, na shiga gwaji. Auduga kwana biyu take toshewa. Soson wanka na gargajiya ruɓewa yake yi. Sai da na yi asarar karfasa sau biyu, ina samo wasu, kafin na dace: tsingaron tukunya a ƙasa, gawayi a tsakiya, yankin soson katifa a sama. A hankali soson ya yi baƙi, ya yi santsi, ruwa kuwa ya yi garau. A nan na gane baƙin nan shi ne ran akwatin, don a cikinsa ƙananan halittun da ke cinye dafin kashin suke zaune. Ba a wanke shi da sabulu. Ɗan matsa shi ake yi a cikin ruwan akwatin da aka ɗebo, a mayar. Kashin da ya kwanta a tsakuwa ma rabi nake zuƙewa da tiyo, in bar wa tsirrai rabi taki. Wata goma sha huɗu na yi ina renon wannan datti.

Matar yayana mai tsabta ce ta bala'i, ko tsintsiya sai ta wanke. Akwai wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta, don haka kullum sai ta leƙo ta ce, "Ticha, wannan kifi naka zai mutu da ƙazanta." Na yi mata bayani ya fi sau goma. Ta ce ita ba ta taɓa jin datti mai amfani ba.

Na tafi biki garin Mutum Biyu na kwana biyu, na bar mata makulli don ta riƙa watsa wa kifin abinci. Na dawo na tarar da akwati yana ɗaukar ido. Ta tumɓuke tsirran, wai ciyawa ce. Ta wanke tsakuwa da garin sabulu, ta dirje soson har ya koma launinsa na kanti, ta cika da sabon ruwa.

"Ka gani?" ta ce. "Ko useko ba za ka ce mini ba?"

Ban gode ba. Na canza ruwa, na sake canzawa, a banza. Washegari ruwan ya yi fari kamar tsari, kifaye suka taso sama suna haki. Karfasa suka fara tafiya. Kurungu ya kai kwana uku, sannan na same shi a kwance a ƙasa. Ina haƙa masa rami a bayan ɗaki ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Da ka ba ni na soya, da bai lalace a banza ba." Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki. Wallahi a lokacin na ji na tsani matar nan, kuma na ƙudura sai na rama.

Sana'arta masa ce, kowace safiya a bakin titi, ma'aikatan sababbin ofisoshi suna layi. Tandarta ta ƙasa ce, ta shekara da shekaru tana shan mai har ta yi baƙi ƙirin, masa tana juyawa a cikinta da taɓawa ɗaya. Ita kaɗai ce abin da ba ta wankewa a gidan nan, da tsumma take goge ta. Na daɗe ina kallon tandar, ina jin sanyi a raina.

Ranar Lahadi na ce zazzaɓi nake ji, suka tafi coci suka bar ni. Na jiƙa tanda a baho da garin sabulu rabin leda. Na samo yashi da soson ƙarfe na bi gurbi-gurbi, goma sha biyu, ina dirza ina waƙa. Yatsuna suka sale ban damu ba. Sai da jar ƙasarta ta fito na jingine ta a rana a tsakar gida, na koma na kwanta.

Da suka dawo na ji tsakar gidan ta yi tsit. Na fito ina miƙa.

"Anti, na ga tandarki ta yi datti," na ce. "Ko useko ba za ki ce ba?"

Ta dube ni, ta dubi tandar, ta shige ɗaki.

Ranar Litinin na tsaya a tsallaken titi da jakata, na makara makaranta da gangan. Masar farko ta kama tanda, Anti ta ƙanƙaro ta a dagargaje. Ta biyu ma haka. Wani ma'aikaci ya ɗanɗana ya tofar, ya ce sabulu yake ji. Layi ya watse zuwa wajen mai ƙosai, ƙullu bokiti guda ya yi tsami. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da yamma yayana ya kira ni gefe, ba dariya a fuskarsa. Ya ce tandar ta mahaifiyarta ce, ita ce kaɗai abin da ta ɗauko ranar da aka raba kayan marigayiyar. Na ce nawa ma wata goma sha huɗu ne da rai bakwai. Ya ce in je in ba ta haƙuri. Na ce sai dai ita ta fara ba ni. Ta yi sati uku tana shafa wa tandar mai tana gasawa, warin sabulu bai fita ba, ta kife ta a bayan rumbu ta sayi ta ƙarfe. Ni kuma kafin ƙarshen zango na kama haya a wata unguwa.

Yanzu duk mun yi furfura. In na je gidan da safe, takan soya masa ta kai wa mijinta, ta ba jikoki, har baƙon da ya rako ni ta zuba masa da miya. Ni kuma ta aika a sayo burodi, ta ajiye a gabana da hannunta, ta ce, "Ticha, ci. Wannan mai tsabta ne."