Injin Babur Ɗin Baba

Wata huɗu bayan rasuwar Baba, injin babur ɗinsa ya buga. Na ɗora babur ɗin a mota zuwa Gummi, wajen tsohon makanikin da ya saba yi masa gyara.

Ya kwance injin ya duba, sannan ya ce, "Ɗana, in na ce gyara zai riƙe, na cuce ka. Hanyarku ta Adabka ba wurin da babur zai mutu wa mutum ba ne yanzu, saboda 'yan bindiga. A sake inji."

Ban san kan inji ba, amma Baba bai taɓa kuka da aikinsa ba. Na ce ya zaɓo wanda ya yarda da shi. Ya ɗaura, ya hau da kansa ya gwada kafin ya ba ni makulli.

Na iso gida lafiya. Inna tana tsakar gida, ba ta ɗago ba sai da na yi sallama.

Ta ce, "Na aza baƙo ne. Wannan ba ƙarar babur ɗin Malam ba ce."

Ta tashi ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.