Almakashin Ƙarfe Goma

Malam Pindar ya shekara goma sha tara yana koyar da waƙa a 'yar firamarenmu ta unguwar Fezzan, ba ganga, ba sarewa, ba komai. Kayan aikinsa taga ce. Sai ya buɗe ta ya ce wa yara, "Ku yi shiru, gari na magana."

To, gari kuwa ba ya gajiya da surutu. Hon ɗin Keke Napep, kiran mai kifi da Hausarsa mai ƙanshin Barbarci, kukan shanun da ake korawa Kasuwar Shanu. Duk abin da ya wuce, yara su maimaita da baki ko da tafi, shi kuma ya ɗora masa baiti. Wanda ya fi so shi ne wani mai yankan farce da ke bi ta bayan aji kullum ƙarfe goma yana kaɗa almakashi.

Ni ajina na jikin nasa, don haka na riga kowa ganewa: kunnen Malam ya fara tafiya. Ka gaishe shi ta baya, ko waiwaye. Na ce ya je asibiti, ya ce ni ce nake magana ƙasa-ƙasa. Ni! Tsoronsa ɗaya, kada Hajiya Sauda, mai makarantar, ta sani ta sallame shi.

Ranar wata Talata Hajiya ta shiga ajinsa ta zauna a baya. Malam ya saci kallon agogo, ya ɗaga yatsa.

"Ga mai almakashi nan. Ku bi shi."

Yara arba'in suka ɗauki tafi, tsaf, ba wanda ya kuskure. Hajiya ta leƙa taga. Ba kowa a layin sai akuya.

Ta dawo ta tsaya a gaban Malam, ta ɗaga murya yadda zai ji, ta tambayi wata yarinya, Khairat, ina mai almakashin yake. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ya koma garinsu."

"Yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Wata huɗu ke nan yaran suna rufa masa asiri. Wallahi na ji tausayinsa. Hajiya ta fita. Malam ya daɗe yana duban yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ya je da kansa ya rufe tagar.