Ƙafar Illa da Sabon Birki

Akwai ranar aiki ɗaya da ba ta fita raina ba, ranar da muka sa wa tsohuwar motar Illa sabon birki. Ku aparantai da kuka zo bana kuna ganin ƙwarya rataye a bakin shago kuna tambayar juna ta mece ce. To ku aje wayoyin nan ku ji.

Garejin nan na Gazawa marigayi maigidana ya kafa shi. Da ya rasu ɗana Habu ya zama babban makanike, ni kuma na ci gaba da abin da na saba. Makullan kayan aiki suna hannuna, kuma in za a fidda iska daga birki ni ke zama kujerar direba ina takawa. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Aikin ma ba lakol yake so ba, mutum yake so wanda in an ce masa "riƙe" zai riƙe, ba ya saki ƙafa don mai tallan gyaɗa ta gifta.

Motar kuwa babba ce ta da, mai dogon hanci, ta girmi Habu. Gero da wake take ɗauka kasuwa zuwa kasuwa. Illa ne direbanta tun yana da baƙin gemu. Mutumin Gidan Rumji ne, kuma taubashina, ɗan ƙanen uwata, saboda haka ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini. Da mai motar ya rasu ɗansa Sani ya gaje ta. Ya ƙi sayarwa, ya ce ƙamshin babansa na cikinta. Amma bayan kakar bara ta gangara wani kwari kusa da Sae Sabuwa, saura kaɗan ta hau amalanken jaki. Washegari Sani ya kawo ta ya ce a sake birkin gaba ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba: in direba ya taka birki, akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe da muke kira masta, ita ke tura mai ta cikin siraran tiyo zuwa ƙafafun mota, sai su kama. Da Habu ya shiga ƙarƙashi ya bi tiyon da kallo, sannan ya ce, "Inna, zo ki ga ikon Allah."

Tiyon ƙafa uku duk an datse su, an cusa ƙusa an daddaka. Haka direbobin daji ke yi in tiyo ya fashe a hanya, a toshe shi a ƙarasa gida, sannan a gyara. Illa ya toshe, bai taɓa gyarawa ba. Ƙafa ɗaya ke tsayar da motar nan duk shekarun. Da aka buɗe masta kuma, kumfa ta taso. Ruwan sabulu ne.

Na ce, "Illa, wanki kake yi a ciki?"

Ya ce, "Ke mi kika sani? Wagga mota ni da ita mun san juna. In na taka sau ukku sai ta ji, in ba ta ji ba ga weji nan." Weji shi ne guntun icen da ake jefawa gaban taya. Nasa har ya yi santsi don aiki.

Habu ya cire komai. Ya sa sabuwar masta mai ciki biyu, ɗaya na ƙafafun gaba ɗaya na baya, don in ɗaya ya fashe ɗayan na nan. Ya lanƙwasa sababbin tiyo na ƙarfe da hannu, ya bi da su jikin shasi, ƙarfen ƙasan motar, yana ɗaurewa kada su goga. Sannan na hau kujera. Ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. Yana ƙasa yana cewa "Taka, taka, riƙe!" ina riƙewa yana kwance noti iska na fita da tsartuwa, har mai ya zo sumul babu kumfa. Da muka gama, birkin ya yi tauri kamar ka taka dutse.

Aka ce a gwada. Illa ya hau, Sani ya zauna gefensa. Suka tafi har wajen bishiyar bedi suka juyo. Da ya zo tsayawa, ƙafar nan ta yi abin da ta saba, ta sauka da ƙarfinta duka. Motar ta kafe wuri guda. Sani ya kai wa gilashi gaisuwa da goshi, hularsa ta fita ta taga. Kafin ya ɗago, ƙafar ta sake taka ta biyu da ta uku.

Aparantai suka fashe da dariya. Na dube su, suka yi tsit. Sani ya sauko yana dafe da goshi ya ce, "Baba Illa, ina girmama ka. Amma in da mutane bisa kaya ka yi wannan, da yanzu ana kwasarsu a ƙasa. Ranar kasuwa zan kawo yaro daga Maraɗi ya karɓi motar."

Illa ya sauko daga motar. Ya zauna kan taya ya ƙura wa motar ido. Mutum ne mai iyali, kuma bai iya komai a duniya ba sai wannan sitiyari. Na ce, "Sani, ka bar mini shi zuwa ranar kasuwa. In bai gyaru ba ni zan karɓe makullin da hannuna."

Da safe na dama fura na cika ƙwarya har baki, na hau motar gefen Illa na ɗora ta a cinya. Na ce, "Ka zubar mini, ka wanke zanen."

Ya ce, "Ke da nauyinki ma ya isa birki."

Ya zubar. Na sake damawa, ya sake zubarwa. Ranar na canza zane har na rasa na canzawa, kajin unguwa suka bi motar suna biki. Yana so, ƙafar ce ba ta so. Yakan fara a hankali, da ya hango wurin tsayawa sai ta tuna da kwarin nan ta danna.

Kashegari bayan azahar ya fito daga alwala, na ƙwala masa kira ya yi sauri, ya hau ya manta takalmansa a bakin masallaci. Takalman taya ne masu kauri, tsohuwar tayar motar ma ya yanka ya yi su. Muka tafi, ya zo bedi, motar ta tsaya lumui. Furar ta yi rawa ta koma.

Ya dube ni, ya dubi ƙafarsa. Ya ce, "Ashe motar tana magana. Ina ji tana kamawa tun daga ɗan yatsa."

Na ce, "Shekara nawa tana maka magana, ka sa mata taya a baki."

Ranar kasuwa Sani ya zo cikin farar shadda, goshi da ƙulu. Na miƙa masa ƙwaryar na ce ya hau. Ya ce, "Inna, sabuwa ce fa." Na ce ai shi ya sa. Illa ya tuɓe takalma ya aje su kan weji, ya yi bisimilla. Suka je suka dawo, muna tsaye babu mai tari. Motar ta tsaya gaban shago. Sani ya dubi rigarsa sama da ƙasa, ya ɗaga ƙwaryar ya kurɓa, ya miƙa wa Illa sauran.

Har yau Illa ke tuƙa ta, ƙafa ba takalmi. Wejin ma yana nan bayan kujera, ya ce bai yarda da ƙarfen da bai tsufa ba, na ƙyale shi.

Abin da na koya shi ne tiyo da masta wuni ɗaya suke ci, ƙafar da ta saba da lalataccen birki ita ce aikin. Saboda haka a garejin nan ba a miƙa makulli don an ɗaure noti na ƙarshe. Sai direba ya zagaya da ƙwaryar can. Wanda ya yi gyaran kuma shi ke riƙe ta a cinya, ni na gama wankin zane.